"Koyon na'ura" ko "koyar da na'ura"?

1/ Jama'a, ina da magana a kan fassarar machine learning, wato fannin da ake ba kwamfuta misalai masu yawa har ta iya gane abu. Kusan ko'ina "koyon na'ura" ake rubutawa, ni kuwa kalmar ba ta kwanta mini a rai ba.

2/ Ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai tasowa a Kano, harkar nazarin bayanai muke yi. Ran nan Baba ya tambaye ni ainihin sana'ata. Na ce, "Baba, koyon na'ura muke yi." Ya ce, "Masha Allah. Ta niƙa ce ko ta ɗinki? Yaushe za a yaye ku?"

3/ Baba bai yi kuskure ba, daidai ya ji Hausar. Mai koyon mota, mutum ne ke neman zama direba. Haka koyon ɗinki, haka koyon kwamfuta. Abin da ya biyo bayan "koyon" shi ake koya. Ke nan "koyon na'ura" a kunnen Bahaushe yaro ne a gaban ubangidansa yana koyon sarrafa inji.

4/ Ga aikin da muke yi. Tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016, muna so manomi ya ɗauki hoton ganye da wayarsa a gaya masa ko ta kama. Sai mu tara hotuna, mu zauna da malaman gona, ɗaya bayan ɗaya: wannan lafiyayye, wannan ta huda shi, wannan ga kashinta kamar garin katako a tsakiyar tsiron. Mafi yawansu mu ba na'ura ta yi ta bita, sauran mu ɓoye domin jarrabawa.

Akwai lokacin da ta ci jarrabawa a ofis, muka kai ta gona ta kasa. Ashe ganyayen da suka kamu duk a kan tabarma aka ɗauki hotonsu, lafiyayyun kuma a jikin kara. Tabarmar ce na'urar ta haddace. Mun kwana biyu muna baƙin cikin abin, domin mu muka ba ta karatun a karkace.

5/ Saboda haka na tsaya a kan "koyar da na'ura". Ta nuna cewa na'urar ce ɗaliba, ta kuma nuna akwai malamin da za a tuhuma idan an samu kuskure.

6/ Wani zai ce ai tana koya da kanta. Arthur Samuel na kamfanin IBM, wanda ya yaɗa kalmar machine learning a 1959, manhajarsa ta wasan dara irin na Turawa da kanta take karawa har ta goge. Gaskiya ne. Amma shi ya shimfiɗa mata dokokin wasan, shi ya faɗa mata abin da ake kira ci.

7/ "Horar da na'ura" ma ta yi, tana tuna mini horon shanun huɗa. Na fi so a bar ta ga matakin da ake kunna kwamfuta ta yi ta maimaita bayanan. Sunan fannin gaba ɗaya kuwa, "koyar da na'ura", reshe ne na ƙirƙirarriyar basira.

8/ 'Yan'uwa na Zinder da Maraɗi da kuka karanta fannin da Faransanci, idan za ku yi wa iyaye bayani a gida, me kuke cewa?