Fita da yara yawon buɗe ido: mu masu karantarwa a gida yaya za mu tsara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum iyaye. Mu gida shida ne a nan Kano da muke koyar da yaranmu a gida, boko da safe islamiyya da yamma, to yaran sun fara ƙorafi wai 'yan makaranta ana kai su yawon gani da ido su kuma kullum suna tsakar gida. Muna so mu haɗu mu fita da su tare amma wallahi kan ya kasa haɗuwa, wata ta ce gidan zu, wata ta ce Dala, wata kuma kuɗin mota ne damuwarta. Yaran daga shekara 4 ne zuwa 13. Dan Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu shawara.

Malamin Gida:
Wa alaikumussalam Hajiya. Abu na farko kar ku ce za ku zaga Kano a rana ɗaya, wuri ɗaya ya isa. Ni da Gidan Makama zan fara, yana nan kusa da fadar sarki, ginin tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, akwai kayan yaƙi na da da hotuna da tarihin ƙofofin gari. Amma kafin ranar ku zauna da yaran ku ba su labarin Bagauda da Rumfa da zuwan Turawa a 1903, in ba haka ba za su shiga su fito ne kawai suna tambayar yaushe za a ci abinci. Kowane yaro ya riƙe littafi da biro, ya rubuta tambaya biyu tun daga gida. Kuma wani ya je tun kafin ranar ya yi magana da ma'aikatan wurin, ya ji kuɗin shiga ya nemi wanda zai zaga da ku.

Anti Mai Haƙuri:
Ni dai maganar kuɗi zan yi don ita ke ɓata zumunci. A tara kuɗin bas tun ana saura mako, mutum ɗaya ta riƙe ta rubuta a WhatsApp kowa ya gani, wadda ta fasa ranar ba a mayar mata tunda an riga an yi ciniki da direba. Ku ɗauki bas ɗaya ya jira ku, kar ku rarrabu a adaidaita sahu. Abinci kowa ta zo da nata a kula, ruwa kuma a saya da yawa.

Baban Yara:
Malam na yarda da kai amma ɗan shekara 4 me zai gane a gidan tarihi? A raba su. Ƙananan a kai su gidan zu na Audu Bako, manyan kuma marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a wurin. Can yaro zai ga yadda ake haɗa baba da toka a rami, ya ga zane ya fito kore-kore iska ta buge shi ya koma shuɗi a gabansa, wannan ai kimiyya ce da idonsa, ga masu bugu a gefe. Sai dai ramukan a buɗe suke kuma suna da zurfi, shi ya sa ban so a je da masu guje-guje. Dala kuma a bari sai lokacin sanyi, hawa matakalar nan cikin zafin Afrilu da yara wahala ce.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Raba su zai yi mana wuya don wasunmu na da goyo ga manya, amma za mu roƙi iyaye maza biyu su tafi da manyan marina. Wace rana ta fi?

Malamin Gida:
Alhamis, tunda yawanci babu islamiyya. Juma'a kar ku kusanci wajen fada saboda cunkoson masallaci. Ku fita ƙarfe takwas ku dawo kafin azahar, kuma a ƙirga yaran a ƙofar bas lokacin tafiya da lokacin dawowa.