Bairos ya shiga had disk ɗina, an ce sai an yi fomat

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah ku taimaka min. Jiya na kai had disk ɗina wani shagon buga takardu don a fitar min da babi na uku na furojet ɗina. Da na dawo gida na jona a laftof, sai na tarar duk foldodin sun koma shotkot, kowace da 'yar kibiya a gindinta, in na danna ba abin da ke buɗewa. Yaron shagon ya ce sai fomat. Furojet zan iya sake rubutawa, amma hotunan marigayi Babanmu na ciki, har da na zuwansa Hajji, kuma ba mu da su a ko'ina. Ko barci ban yi ba.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. 'Yar'uwa, kar ki yarda a yi fomat, kuma kar ki ƙara ajiye komai a ciki. Duba min abu ɗaya: a This PC, yana nuna disk ɗin a cike kamar da?

Mai tambaya: E Malam, 310GB a cike cikin 500GB.

Mai gyaran kwamfuta: To kwantar da hankalinki, kayanki na nan. Wannan bairos ɗin ba ya goge kaya, ɓoye foldodi yake yi ya ajiye na bogi, in kin danna su ya ƙara yaɗuwa. Ki daina dannawa. Fara yi wa disk ɗin da laftof ɗin cikakken sikanin da Microsoft Defender, manhajar kashe bairos da ke zuwa da Windows. Sannan ki buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ki rubuta:

attrib -h -r -s /s /d F:\*.*

Ki sauya F da harafin da disk ɗinki ya ɗauka. Zai ɗan jima kamar ya tsaya, ki ƙyale shi. Sau da yawa wata folda marar suna ce ke fitowa, komai na cikinta.

Wata 'yar'uwa: Ni na riga na yi fomat kafin na sani. Wata manhaja mai suna PhotoRec ce ta dawo min da yawancin hotunan, kyauta ce, sai dai sunayensu duk sun ɓace. In ta kai ki ga haka, ki sauke su a wani disk daban, ba wanda ya lalace ba.

Wani ɗan'uwa: Ki lura ko akwai takarda mai suna _readme.txt, ko an ƙara wa sunan fayil wasu baƙin haruffa a ƙarshe. In akwai, masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa ne, attrib ba zai yi komai ba. Kar ki biya, ki fara gwada shafin No More Ransom, mai taimakawa wajen buɗe fayil ɗin da aka kulle. In kuma disk ɗin na yin ƙarar ƙas-ƙas, cire shi nan take.

Mai tambaya: Alhamdulillah! Foldar marar suna ta fito, ga Baba nan da haraminsa. Umma na gefena tana ta hawaye. Allah ya saka muku da alheri. Yanzu ina kwashe su zuwa laftof, 42% ya kai.