Abin da aka tsayar kan haɗa taron bidiyo tsakanin jami'o'i

Da masu kula da intanet na jami'o'i suka tattauna yadda za a haɗa ɗakin taron bidiyo na Kano da na Yamai ko Accra, yawancinsu sun ce a bi ta layukan bincike na ƙasa, kamar NgREN a Najeriya da GARNET a Ghana, waɗanda WACREN, babban layin bincike da ilimi na Yammaci da Tsakiyar Afirka, ke haɗawa. Kira ya fi saurin tsinkewa a kan intanet ɗin kasuwa.

Inda aka fi daɗewa shi ne bangon tsaro, wato abin da ke tace abin da ke shiga da fita a intanet ɗin jami'a. Tsofaffin na'urori na magana da ƙa'idar haɗa kira ta H.323, sababbi da ta SIP. Idan ba a buɗe ƙofa 1720 ko 5060 a bangon ba, kira ba zai shiga ba; idan kuma ƙofofin hoto da murya ne a rufe, kira zai shiga, hoto ya ƙi fitowa, kowa na zargin ɗan'uwansa. Wani ya ce a ajiye na'urar fassara tsakanin H.323 da SIP, a huta.

Idan jinkirin murya ya wuce milisakan 150, hira ta zama ta kurame. Tauraron ɗan'adam mai nisa yana zarce haka sosai.

Sai agogo: Ghana na bayanmu da awa ɗaya. A gwada kira tun jajibere, janareto a kunne.