Wa ya taɓa fitar da siffar 3D ta ƙwaron wake daga hotuna?

Ɗaliba, Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Aikin gona nake karanta, ina so in sa ƙwaron da ke huda wake cikin kwamfuta yadda manomi zai juya shi ya ga ciki da baya. Tsawonsa bai wuce milimita 4 ba. Na ɗauki hoto 40 da mikroskof na zuba wa Meshroom, manhajar da ke gina siffar 3D daga hotuna, abin da ya fito kamar dunƙulen fura. Ina na kuskure?

Malamin kimiyya, Zango:
Wa alaikis salam ƙanwata. Ni ma da dunƙulen na fara. In abu ya ƙanƙanta haka, madubi ba ya fayyace shi duka lokaci guda: kai ya fito sarai, ƙafafu sun dushe. Shi kuwa Meshroom ɗigo-ɗigo yake nema a hoto, ya sake gane su a hoton da ke biye. Inda ya dushe ba abin da zai kama. Don haka a kowace kusurwa nakan ɗauki hoto 20, ina murɗa madubin kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa, manhajar Picolay ta haɗa su su zama hoto ɗaya mai kaifi. Sannan in juya ƙwaron digiri 10. Zagaye guda kusurwa 36, hoto 720 ke nan. Ranar da na ga gashin bayansa yana juyawa a allo, wallahi sai da na kira ɗalibaina.

Mai gyaran salula, kasuwar Dole:
Malam bai faɗi haske ba. Abin da ke ƙyalli yana ruɗa na'urar. Ni na liƙa nawa a kan allura, na kife farin kofin roba da na yanke gindinsa, fitila ta haska daga waje. Kuma da hunturu ki rufe taga, ƙura ɗaya ta sauka a fiffike sai ta fito kamar ƙari.

Wani ɗalibi, Garin Malam:
Tawa kwamfutar ba ta da katin sarrafa hoto na kamfanin Nvidia da Meshroom ke buƙata, sai ya tsaya a tsakiya. Na ari ta aboki, wuta ta ɗauke. Yanzu bayan isha nake yi, batir cike.

Ɗaliba, Birni:
Allah ya saka da alheri. Malam, digiri 10 ɗin da me kake aunawa? Ni a kan murfin kwalba nake juya allurar.