Yaya wanda ya kafa rundunar yaƙi ya zama gwarzon zaman lafiya? Tambaya a kan Nelson Mandela

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai a tarihin Nelson Mandela, ina fatan masu ilimi a cikinku za su warware mini. Tun muna yara ake nuna mana shi a matsayin dattijo mai furfura da fara'a, wanda ya yi shekara 27 a kurkuku ya fito bai ɗauki fansa ba, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1993. Sai kwanan nan na karanta cewa shi ne shugaban farko na Umkhonto we Sizwe, reshen jam'iyyar ANC ta Afirka ta Kudu mai ɗauke da makamai, kuma Amurka ba ta cire sunansa daga jerin waɗanda take sa wa ido a kan ta'addanci ba sai a 2008. To, kurkuku ce ta sauya shi, ko kuwa dama can mutum ɗaya ne, mu ne ba a ba mu cikakken labarinsa ba?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Amsar tambayarka tana cikin shekarun da suka gabaci 1961. An kafa ANC a 1912, kuma ta yi kusan shekara hamsin tana kai koke, tana tura wakilai, tana zanga-zangar lumana, amma abin sai gaba yake yi, musamman bayan da jam'iyyar National Party ta hau mulki a 1948 ta mayar da wariyar launin fata cikakkiyar doka, wadda ta ƙayyade wa baƙar fata inda zai zauna, da wadda zai aura, da takardar izinin da dole ya riƙa yawo da ita a ƙasar haihuwarsa. A 1952 Mandela ne ya jagoranci 'yan sa-kai a gangamin bijire wa waɗannan dokoki. Mutum zai shiga ta ƙofar da aka keɓe wa Turawa da gangan, ya tsaya a kama shi, bai ɗaga wa kowa hannu ba, kuma fiye da mutum 8,000 aka tsare a haka.

Abin da ya karya wannan hanya shi ne kisan da aka yi a garin Sharpeville. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu zanga-zangar ƙin takardar izini, suka kashe mutum 69 bisa ƙididdigar hukuma, da yawansu an harbe su ne ta baya suna gudu. Makonni kaɗan bayan haka aka haramta ANC baki ɗaya. Tura ta kai bango. Ko a lokacin ma, abin da Umkhonto we Sizwe ta fara da shi ranar 16 ga Disamba 1961 shi ne lalata turakun lantarki da ofisoshin gwamnati, tare da umarnin a guji zubar da jini. Mandela da kansa ya bayyana wa kotu a shari'ar Rivonia, wadda ta kai ga yanke masa ɗaurin rai da rai, ranar 20 ga Afrilu 1964, cewa sun zaɓi wannan ne domin kada a haifar da gabar da za ta hana jinsunan biyu zama tare daga baya. A wannan jawabin ne ya ce ya yaƙi danniyar farar fata, ya kuma yaƙi danniyar baƙar fata, kuma a shirye yake ya mutu a kan burin ƙasar da kowa zai zama daidai da kowa. Ka lura cewa mutumin da ke fuskantar yiwuwar hukuncin rataya ne ya faɗi haka.

Sai kuma shekarar 1985. Shugaba P. W. Botha ya yi masa tayin saki bisa sharaɗin ya yi tir da amfani da ƙarfi, ya ƙi, 'yarsa Zindzi ta karanta amsarsa a gaban taro a Soweto. Amma ba a jima ba ya fara tuntuɓar ministan shari'a Kobie Coetsee a asirce, ba tare da ya shawarci abokan gwagwarmayarsa ba tukuna, domin ya ga cewa babu ɓangaren da zai iya murƙushe ɗaya. A ganina makami a wurinsa hanya ce da aka tilasta masa bi, burinsa kuwa bai taɓa motsawa ba.

Uwar Biyu:

Malam, na yarda da bayaninka, sai dai ina ganin ka rage wa kurkuku nata rabon. Matashin lauyan nan da ya buɗe ofis da abokin gwagwarmayarsa Oliver Tambo a Johannesburg an san shi da zafin zuciya. Shekara 18 ya yi a tsibirin Robben, yana fasa farar ƙasa a rana har hasken ya lalata masa idanu, kuma da farko wasiƙa ɗaya da baƙo ɗaya kawai ake yarje masa a cikin wata shida. Mahaifiyarsa ta rasu a 1968, babban ɗansa Thembi ya rasu a haɗarin mota a 1969, an hana shi halartar jana'izar ko ɗaya. A matsayina na uwa, duk sanda na zo nan a tarihinsa sai na dakata. Mutumin da aka yi wa haka shi ne ya zauna ya koyi Afirkans, harshen gandirobobinsa, ya karanci tarihinsu, domin ya san abin da suke tsoro.

Amfanin wannan ya fito fili ranar 10 ga Afrilu 1993, da wani Bature ɗan asalin Poland ya harbe Chris Hani, fitaccen jagoran baƙar fata kuma tsohon babban hafsan Umkhonto we Sizwe, a ƙofar gidansa, ƙasar tana dab da kamawa da wuta. Mandela, wanda ko shugaban ƙasa bai zama ba tukuna, ya fito a talabijin ya tuna wa jama'a cewa farar mace ce 'yar ƙabilar Afirkana, wato fararen fata masu magana da Afirkans, ta ba da bayanin da ya sa aka kama makashin. Wanda zuciyarsa ba ta dahu ba, ba zai tuna da wannan matar a irin wannan dare ba.

Tsohon Ɗalibi:

Ina girmama Mandela matuƙa, amma kada mu share abin da ba shi da daɗin ji. Bayan an ɗaure shi, Umkhonto we Sizwe ta wuce lalata turaku. Bam ɗin da ta tayar a titin Church da ke Pretoria a 1983 ya kashe mutum 19. Sannan sulhun da ake yabo, talakawa ne suka biya mafi yawan kuɗinsa. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Desmond Tutu ta karɓi buƙatun afuwa fiye da 7,000, ta amince da 849, kuma iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar da ya mutu a hannun 'yan sanda, suna cikin waɗanda suka je kotu suna ƙalubalantar tsarin afuwar, ba su yi nasara ba. Ga kuma batun ƙasar noma. Dokokin 1913 da 1936 sun ware wa baƙar fata kusan kashi 13 cikin ɗari kacal na ƙasar, kuma har Mandela ya sauka a 1999 bayan wa'adi ɗaya, har ya rasu ranar 5 ga Disamba 2013, mafi yawan gonakin suna hannun da suke. Shi ya sa za ka ji wasu matasan Afirka ta Kudu suna cewa an ba su ƙuri'a an hana su ƙasa.

Malamin Tarihi:

Maganar ƙasa gaskiya ce, ɗan'uwa, ba ni da ja a kanta, kuma har yau ba a warware ta ba. Abin da zan ƙara shi ne a tuna da wanda ke riƙe da bindiga a 1993. Janar Constand Viljoen, tsohon babban hafsan sojojin ƙasar, yana jagorantar masu tsattsauran ra'ayi na Afirkana da ke shirin hana zaɓe da ƙarfin tsiya, a daidai lokacin da rikicin magoya bayan ANC da na jam'iyyar Inkatha ta 'yan ƙabilar Zulu ya riga ya ci dubban rayuka. Mandela ya karɓe shi a gida, ya zuba masa shayi da hannunsa, ya yi masa magana da Afirkans, ya nuna masa cewa idan aka shiga yaƙi babu mai cin riba. Tattaunawar ta ɗauki watanni. A ƙarshe Viljoen ya yi wa jam'iyyarsa ta Freedom Front rajista, ya shiga zaɓen 27 ga Afrilu 1994, ya sami kujeru 9 a majalisar da ta zaɓi Mandela shugaban ƙasa.