Wace kalma za mu sa wa maîtrise de soi?

Malam Isufu: Salamu alaikum. Ana shirya darasi da Hausa ga malaman makaranta a nan Maradi kan aikin Walter Mischel, masanin halayyar ɗan Adam. Abin da Faransanci ke kira maîtrise de soi, wato iya hana kai bin sha'awa, mu ce kamun kai?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Malam. Kamun kai bai kwanta mini ba. In an ce yarinya tana da kamun kai, kunya da tarbiyya ake yabo, hali ne zaunanne. Mischel kuwa dabara ya gano. Ɗalibin George Kelly da Julian Rotter ne a Jami'ar Ohio State, can ya gama digirin dakta a 1956. Rotter ya koyar cewa mutum yana aikata abu gwargwadon abin da yake sa ran samu, kuma wannan ne gindin gwajin da Mischel ya yi a Jami'ar Stanford. A zaunar da yaro ɗan shekara 4 ko 5, alewa ɗaya gabansa da ƙararrawa. In ya jira babba ya dawo, kamar minti 15, ya samu biyu. In ya kaɗa ƙararrawa don a dawo kafin lokaci, ɗaya ce rabonsa. Waɗanda suka daɗe ba ido suka zuba wa alewar ba: sun juya baya, sun yi waƙa, sun rufe fuska. In an ɓoye alewar, jiran ya ƙaru.

Malam Habu: To haƙuri fa, Dakta?

Dakta Rabi: Haƙuri ya yi faɗi, Malam Habu, har mai makoki shi ake ba. Ga kuma haɗari: a wani gwaji irin wannan a Jami'ar Rochester, yaran da aka fara cika wa alkawari sun jira kusan minti 12, waɗanda aka saɓa wa kusan minti 3. Yaron da ya saba jin "gobe" ba a cika ba, in ya ci tasa nan take, lissafi ya yi. Ce masa marar haƙuri zalunci ne.

Malam Isufu: Sarrafa kai ke nan?

Dakta Rabi: Shi na zaɓa, don sarrafa aiki ne da ake koya. Gwajin kuma a ce jinkirta kwaɗayi. A jinya ta hira, wato psychothérapie, haka ake bi: a gano abin da ke tada sha'awar, a nisanta shi, a tsara tun kafin lokaci "in kaza ya faru, kaza zan yi".

Malam Habu: Na yarda da sarrafa kai. Amma kwaɗayi zagi ne a bakin iyaye, a sa jinkirta biyan buƙata.