Shafa yadi ta gilashin waya: zai yiwu kuwa?

Ɗan Kwari: Jama'a, maganar nan da ake yaɗawa cewa nan gaba kaɗan mutum zai shafa shadda a fuskar waya ya ji laushinta kafin ya biya kuɗi, ni dai ban yarda ba. Gilashi gilashi ne.

Injiniya: Yaya, abin ba tatsuniya ba ne. Tun 1953 aka gano cewa idan aka sa wa ƙarfe mai siririn rufi wutar lantarki mai kai da komowa, busasshen yatsa yakan ji wurin yana kama shi. A 2010 masu bincike na Disney suka ɗora dabarar a kan allon taɓawa, suka sa masa suna TeslaTouch. Gilashin ba ya motsi ko kaɗan, wutar ce ke jan fatar yatsa tana saki, sai ka ji kaushi inda babu kaushi. Kamfanin Tanvas na Amurka ma ya nuna irinsa a baje kolin kayan fasaha na CES a 2017.

Ɗan Kwari: To daga 2017 zuwa yau, ina wayar a kasuwa?

Hajiya Mai Atamfa: Ku bar ma batun kasuwa. Injiniya, ka taɓa tsayawa ka kalli mace tana zaɓen zani? Ba shafawa kawai take yi ba. Murza shi take yi tsakanin babban yatsa da manuni, ta dunƙule gefe a tafin hannu ta saki ta ga ko zai yamutse, ta ɗaga ta ji nauyinsa. A nan take gane mai sitaci da mai jiki. Gilashi fuska ɗaya gare shi, ta ina za a murza?

Likita: Hajiya tana da gaskiya, amma Injiniya ma bai faɗi ƙasa ba. Fata hanya biyu take gane abu. Manyan ƙuraje irin na tabarma, da ka ɗora yatsa ka ji su. Amma saƙa mai laushi sai yatsa ya yi tafiya, saboda girgizar da gogayya ke haifarwa ake ji, kuma akwai jijiyoyi can cikin fata da suka fi kama girgiza wajen sau 250 a daƙiƙa. Girgiza kuwa ana iya naɗarta. A Jami'ar Pennsylvania, Katherine Kuchenbecker da ɗalibanta sun naɗi ta abubuwa 100, har da yadi da katako da takarda, na'ura tana maido ta. Sai dai ta wani abu mai kama da alƙalami ake ji, ba da tsirarar fata ba.

Injiniya: Madalla. Ke nan rabin aikin ya samu.

Likita: Rabin mai sauƙi. Wani bincike a Stockholm a 2013 ya nuna yatsa na gane tudun da bai wuce nanomita 13 ba, alhali nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ga kuma sanyi: ƙarfe da auduga a ɗaki ɗaya suke, amma ƙarfe ya fi saurin zuƙe ɗumin hannu. Allon nan ba ya kwaikwayon wannan.

Hajiya Mai Atamfa: Kuma ka ce busasshen yatsa. Mu da zufa ke karyo mana a watan Afrilu fa?

Injiniya: Gaskiya ne, damshi yana rage ƙarfinsa, Hajiya. Ni inda na fi sa rai shi ne makafi su lalubi taswira ko maɓalli a allo, da direba ya gane maɓalli ba tare da ya ɗauke ido daga titi ba. Wannan ba ya buƙatar a kwaikwayi shadda daidai.

Ɗan Kwari: Wannan na yarda da shi, ƙanena. Amma yadi, duk wanda ya yi min oda daga nesa, ƙyalle zan ci gaba da yanka masa in aika a mota.